Hunturu Ya Kunno Kai: Fashin Baƙi Kan Yanayin Makon Nan a Kaduna

Duk wanda ya buɗe manhajar yanayi a wayarsa a makon ƙarshe na Nuwamba ya rubuta Kaduna, abu ɗaya zai gani daga Litinin har Lahadi: hoton rana guda bakwai a jere, kowace da 32 ko 33 a ƙarƙashinta, babu hadari, babu ɗigon ruwa. Sai ya mayar da wayar aljihu yana cewa ai babu wani labari. To, akwai labari, sai dai a ƙasan shafin yake, inda ba a cika dubawa ba. A wannan lokaci na shekara lambar zafin rana ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin hasashen, domin da ƙyar take motsi. Abubuwan da ke sauyawa daga yau zuwa gobe, waɗanda za su sa yaro tari, su busar da citta ko su jiƙa ta, su hana jirgi sauka, su ne sanyin asuba, da danshin iska, da inda iskar ta fito, da kuma nisan da ido ke iya hangowa.

Kafin a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sai an fara sanin abin da ke gudana a sama. Iskoki biyu ne suka raba shekarar ƙasar nan a tsakaninsu. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atilantika ta shigo ta kudu maso yamma ɗauke da danshi, ita ce ke kawo damina. Ɗayar tana gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ƙayau, ita ce hunturu. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma masana yanayi kullum idonsu yana kanta. Iyakar nan ba ta zama wuri ɗaya, rana take bi. Tun wajen Maris take haurawa arewa, a Agusta ta wuce Agadas, daga Satumba ta fara ja da baya. Wajen ƙarshen Oktoba take ƙetare Kaduna ta yi kudu, shi ya sa ruwan ƙarshe a garin nan yakan faɗo a Oktoba. Zuwa Janairu ta kusa bakin teku, har mutanen Legas su ɗanɗani hazo na 'yan kwanaki su yi ta ƙorafi.

A ƙarshen Nuwamba iyakar tana kudu da mu, akasari daga Abuja zuwa wajajen Lakwaja da Makurɗi. Ta bar mu, amma ba ta yi nisa ba, kuma takan yi gaba ta yi baya cikin 'yan kwanaki. Wannan kai-kawon shi ne sirrin makon. In ta ɗan turo arewa, sai ka tashi da safe ka tarar da raɓa a kan mota, iska ta yi taushi, leɓe ya huta. In ta ja kudu, sai tufafin da aka shanya da hantsi su bushe kafin a ɗora tukunyar rana. Ga shi kuma ƙasa ba ta gama sakin ruwan damina ba: fadamu na da sauran kore, Kogin Kaduna bai gama janyewa ya bar duwatsunsa a fili ba. Muna wutsiyar kaka ne, hunturun gaske mai muku-muku sai Disamba ta yi nisa zuwa Janairu.

A nan ne ake yin kuskuren cewa “yanayin Kaduna” kamar jihar gari ɗaya ce. Tsakanin Zariya da Kafanchan akwai tazarar sama da kilomita 150 a miƙe, kuma a sha'anin hunturu wannan tazara babba ce. Zariya, Maƙarfi, Kudan da Ikara su ne ƙofar shigowa: su ke fara bushewa, su ke fara ganin hazo, sanyinsu na asuba yakan ɗara na cikin garin Kaduna. Kafanchan da Kagoro, da ke gindin duwatsu a gefen tsaunin Jos, sun fi samun ruwa a shekara, damina takan daɗe ba ta sallame su ba, kuma a makon da Zariya ke fama da kaushi su suna iya kwana da raɓa. Garin Kaduna yana tsakiya, a tudun da ya ɗan haura mita 600 daga matakin teku, yana samun rabonsa daga kowane ɓangare.

Sai maganar ƙura, wadda a ganina ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta.

Ka shafa yatsa a gilashin mota da safe ka duba. In ƙurar ja ce mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, ta gida ce, ta layukan Rigasa da Hayin Banki da ba su da kwalta, wadda keke da babur suka tayar jiya da yamma. In kuwa fara ce mai toka-toka, mai laushi, ta shige ƙarƙashin farce, ta kwanta har a kan talabijin a ɗakin da aka rufe tagoginsa, to wannan baƙuwa ce, ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin ta iso. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take, a arewacin Chadi, kusa da garin Faya. Shekaru dubbai da suka wuce Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu nesa ba kusa ba, har ya mamaye wancan kwari. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farin laka a shimfiɗe, wanda akasarinsa ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Arewa maso gabas da kwarin akwai duwatsun Tibesti a hannu ɗaya, na Ennedi a ɗaya hannun. Iska in ta biyo ta tsakaninsu sai ta matse ta ƙara gudu, ta faɗo kan wannan busasshen laka, musamman da hantsi, ta ɗebe shi ta yi sama. Masana suna lissafa Bodele a sahun farko na wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Akwai kuma gudummawar hamadar Nijar, wajajen Bilma.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, iskar ba kullum take da wannan ƙarfin ba. Sai iska mai sanyi da nauyi ta taru a kan Libiya da Masar, sau da yawa bayan sanyi ya ƙetaro Bahar Rum daga Turai, sannan take tunkuɗo ta Sahara zuwa kudu da ƙarfi. Shi ya sa hunturu yake zuwa kashi-kashi: ya yi kwana uku, huɗu, wani lokaci biyar yana bugawa, ya lafa, sama ta washe, mutane su ce ai ya tafi, sai kuma ya dawo. Kuma tunda ƙurar tafiya take yi, takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ta iso mu, tana bi ta Maiduguri da Nguru da Kano ta faɗo Zariya. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a nan maganar ta zauna daram: hazon da zai rufe Kaduna ran Juma'a, mutanen Borno da Yobe sun riga sun shaƙe shi ran Laraba. Wanda ke da ɗan'uwa a Damaturu yana da na'urar hasashe a aljihunsa. Ya buga waya ya ce, “Yaya, ya garin? Hazo ya sauko muku?” Amsar da zai samu ta fi hoton ranar da ke cikin manhaja gaskiya.

In aka haɗa waɗannan, ga abin da mazaunin garin Kaduna zai sa rai a irin wannan mako. Ruwan sama a cire shi daga lissafi. Ko an ga gajimare ya taso daga kudu, da wuya ya wuce inuwa. A ranakun da iska ta lafa, zafin azahar zai riƙa yawo tsakanin digiri 31 da 34 a ma'aunin Salshiyas, sanyin asuba kuma tsakanin 15 da 18, bayan gari ya fi haka sauka. In kashin ƙura ya iso a tsakiyar mako ko ƙarshensa, zafin rana zai iya faɗowa zuwa 29 ko 30 saboda ƙurar ta tare hasken, rana ta fito fara fat har a iya kallonta da ido, danshin iska da la'asar ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, abin da ke nesa ya ɓace. Wace rana ce takamaimai, wannan sai an bi sanarwar kwana uku-uku da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa, kuma zan dawo kan dalilin da ya sa kwana ukun.

Duba tazarar nan da kyau: 33 da rana, 16 da asuba. Digiri 17 ke nan cikin sa'o'i kaɗan. A Agusta tazarar ba ta cika kai 10 ba. Dalili kuwa, ƙasa tana shan zafin rana da yini ta sake shi da dare. A damina tururin ruwan da ke cikin iska da gajimaren da ke sama su ne bargon gari, su ke riƙe ɗumin kada ya tsere. Hunturu ya yaye bargon. Tun daga faɗuwar rana, wajen ƙarfe 6:05 a wannan lokaci, zafi yake ficewa sama babu mai tare shi, yana ta raguwa har fitowar rana wajen 6:30. Saboda haka mafi tsananin sanyi ba tsakar dare ba ne, daidai lokacin da ake fitowa daga sallar asuba ne, da lokacin da ake yi wa yara wanka don tafiya makaranta. Mai shayin tashar Kawo ya san wannan ba tare da ma'auni ba: ya san lokacin da direbobi ke matsowa kusa da tukunya suna miƙa tafin hannu, kowa ya naɗe kai da rawani ko hular sanyi, ana “Malam, ya sanyi?” ana amsa “Lokacinsa ne.” Zuwa ƙarfe goma rigunan sanyin nan duk sun koma kan kujerar mota. Uwar da ta naɗe ɗanta da suwaita biyu da safe ta tuna cewa da ita zai yini har tashi, cikin zafin 33. Gara mai zif wadda zai iya cirewa da kansa.

Ko a cikin garin ma sanyin bai zama ɗaya ba. Iska mai sanyi ta fi nauyi, gangarowa take yi ta kwanta a kwari, don haka unguwannin bakin kogi irin su Kabala da gangaren Unguwar Rimi da Malali da Rafin Guza sukan fi jin jiki da asuba. Tsakiyar gari kuwa, wajen titin Ahmadu Bello da babbar kasuwa, kwalta da siminti suna riƙe zafin yini su yi ta sakinsa cikin dare. Mutumin Rigachikun da mutumin Tudun Wada za su iya yin musu kan ko an yi sanyi jiya, kuma kowa da gaskiyarsa.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, domin abu uku ne mabambanta muke gani da safe mu kira su hazo. Na farko shi ne na ƙurar Sahara da aka yi bayani. Shi ba ya jin rana, yana nan da hantsi, yana nan da la'asar, har sai iska ta kwashe shi. Na biyu na danshi ne, farin tururi da ke kwanciya a kan kogi da fadamu bayan dare mai sanyi, wanda mai tsallaka gada da sassafe yake gani. Rana na ɗagawa yake watsewa, kuma ba ya cutar da kowa sai direba mai gaggawa. Na uku namu ne, mu muka haɗa shi: hayaƙin bola da aka cinna wa wuta da magariba, da na itacen girki, da na janareta, da na tayoyin da ake babbaka da su, da na ƙunar daji a bayan gari. A daren da babu iska, sanyayyar iskar ƙasa takan kwanta, mai ɗumi ta danne ta daga sama, sai hayaƙin ya rasa hanyar tashi, ya tsaya daidai tsayin hancin mutum har hantsi. Wanda ya shigo gari ta Mando ko ta Kakuri da sassafe ya san wannan shuɗin layin da ke rataye a kan rufin gidaje. A nawa ra'ayin, a makonnin farko na hunturu wannan na ukun ya fi ƙurar Chadi yi mana illa, kuma shi kaɗai ne a cikin ukun muke da iko a kansa. Sai dai an fi son a ɗora wa hunturu laifi, tunda shi ba ya da mai unguwar da za a kai ƙararsa.

Danshin iska kuma shi ne lambar da kusan babu mai dubawa, alhali ita ce ke taɓa kowane lungu na gida. A Agusta yakan haura kashi 80 cikin 100. Yanzu da la'asar yana iya zama 25, in hunturu ya buga ya yi ƙasa da haka. Busasshiyar iska mai ƙishirwa ce, duk inda ta sami ruwa sai ta zuƙe, kuma duk ruwan da ya tashi ya zama tururi yana tafiya da zafin abin da ya bari. Wannan ne ya sa ruwan randa yake yin sanyi ƙarara a wannan lokaci fiye da kowane lokaci: yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana ɗauke shi, na ciki yana ƙara sanyi. Shi ne kuma ya sa alwalar asuba take cizo fiye da abin da ma'auni ya nuna, ya sa wanda ya fito wanka yake karkarwa kafin ya kai ga tawul. Ƙofar katakon da ta kumbura ta ƙi rufuwa a damina yanzu ta saki har tana ƙara. Burodin da aka bari a buɗe ya zama na jiƙawa a shayi. Mayafi yana tartsatsi in an cire shi cikin duhu. Masu buga bulo da masu zuba kankare su ma su lura, domin siminti yana bukatar ya sha ruwa a hankali kafin ya yi ƙarfi. In iska ta zuƙe ruwan da wuri sai ya tsattsage, don haka ban-ruwa safe da yamma ya zama dole.

Ga manomi, bushewar nan alheri ce, in ya san takunta. Yanzu ne ake casar masara a Saminaka da Soba da Giwa, ana yankan dawa, ana bugun waken soya. Hatsin da za a zuba a buhu a ajiye yana bukatar danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100, in ba haka ba ya yi fumfuna, kuma wata fumfunar tana barin guba a masara da gyaɗa wadda dafuwa ba ta kashewa. A Kachia da Jaba da Kagarko kuwa lokacin tonon citta ne: a tsaga ta biyu, a baje a kan fa ko tamfol, a bar wa rana da iska. Mutanen da cutar citta ta 2023 ta yi wa ɓarna ba sa bukatar a gaya musu darajar kowane buhu. Haɗarinsu a makon nan shi ne daren da iyakar iskokin nan za ta ɗan turo arewa, raɓa ta sauka a kan abin da aka shanya, ta mayar da aikin kwana biyu baya, ta kuma ɓata launin cittar a idon mai saye. Alamar tana bayyana tun da yamma: in iska ta juyo daga kudu, ko ta tsaya cik, kuma jiki bai ji bushewar da ya saba ji ba, a tattara ko a rufe.

Mai noman rani shi kuma addu'arsa daban. Alkama tana son sanyi, shi ya sa ake so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, don ta yi 'ya'ya kafin zafin Maris ya riske ta. Tumatir ma ya fi ɗaura fure ya riƙe in dare na da sanyi. Don haka manomin fadamar Galma da ya ji an ce hunturu zai yi ƙarfi, murna yake yi, a daidai lokacin da mai kiwon kaji a Sabon Tasha ko Narayi, wanda ya zuba 'yan tsaki don kasuwar Kirsimeti, yake lissafin gawayi da tamfol ɗin da zai kare keji, da rigakafin annobar kaji da takan yi yawa a wannan lokaci. Hasashe ɗaya ne, kowa da abin da ya karanta a ciki.

Wuta ita ce ɓangaren da ba ya son dogon bayani, don kowa ya san shi, sai dai a maimaita. Ciyawa ta bushe, katakon rumfunan kasuwa ya bushe, iska na kaɗawa. Tartsatsin da zai mutu da kansa a Yuli yanzu zai cinye layi guda. Abin da aka fi sani shi ne hita a bokitin roba: an saka don ruwan wanka, an ɗauke wuta, an manta an fita, an dawo da wuta babu kowa a gida. Sai kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga saboda sanyi. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta shiga yana fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, mai sa barci ya yi nauyi har a kasa farkawa. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, sannan a kwanta. Haka janareta, ba a kwana da shi a baranda a rufe.

A ɓangaren lafiya, ƙurar hunturu ƙanana ce ƙwarai, wani kasonta yana wuce hanci da maƙogwaro ya isa can cikin huhu, kuma a ranar hazo mai kauri yawanta a iska yakan ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce sau da yawa. Masu asma, tsofaffi, jarirai da masu ciwon zuciya su ne a gaba. Masu sikila kuma sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar musu da ciwo. Mai asma ya duba abin shaƙarsa tun ran Litinin, kada ya jira daren da numfashi zai sarƙe. Takunkumin yadi yana tare manyan ƙwayoyin ƙura ne kawai, amma ya fi babu, musamman ga mai keke da ɗan kasuwar bakin titi. A sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba, domin gumi yana bushewa kafin a gan shi. Man kaɗanya ko basilin a leɓe da dunduniya tun kafin faso ya buɗe. Akwai kuma sanƙarau, wanda lokacinsa ke farawa da rani ya tsananta daga Fabrairu zuwa Afrilu. Bushewa da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ga cunkoso a ɗaki an rufe tagogi, sai ƙwayar cutar ta sami hanya. Arewa ba ta manta 1996 ba, shekarar da ya kama sama da mutum 100,000 ya kashe fiye da 11,000. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti ake nufa kai tsaye, ba kemis ba.

Nisan gani shi ne ma'aunin da ya fi nuna ƙarfin hazo, kuma da shi NiMet take magana. In ta ce za a iya hangen kilomita 2 zuwa 5, hazo ne matsakaici: gari ya yi fari, amma harkoki na tafiya. In ta ce mita 1,000 ko ƙasa da haka, to mai tikitin jirgi daga filin jirgin Kaduna ya shirya wa jinkiri ko sokewa, kuma kada ya huce a kan ma'aikaciyar kanta, matuƙi ba ya sauka a titin da bai gani ba. Ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, su ma irin wannan rana a ƙasa suke yini. A hanyar mota, Kaduna zuwa Zariya ko zuwa Abuja, mafi muni shi ne asuba da magariba, lokacin da ƙura da hayaƙin ƙunar daji suke haɗuwa, ga tirela ta lalace an sa mata ganye a baya maimakon alama. Doguwar fitila a cikin hazo dawowa take yi ta kashe wa direba ido; gajeriya ake kunnawa, a rage gudu. Masu sola a rufin gida su ma za su ga batir ya daina cika: rabi hazo ne ya rage hasken, rabi ƙurar da ta kwanta a kan faranti ce. Ta farko ba ta da magani, ta biyun ruwa da tsumma mai laushi ne, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

To, me ya sa kwana uku, alhali waya tana ba da na kwana goma? Lambobin da ke cikin manhajojin nan daga lissafin manyan kwamfutoci na Turai da Amurka suke fitowa, waɗanda ke raba duniya gida-gida, kowane gida faɗin kilomita da dama, su ba shi lamba ɗaya. Kwamfutar ba ta san Kabala na kwari ba, ba ta san an cinna wa bola wuta a Unguwar Sanusi ba. Ga shi kuma tashoshin auna yanayi a Afirka ta Yamma ba su da yawa, don haka abin da ake ɗura mata tun farko da giɓi. Takan yi daidai a zafin rana, takan yi kusa a sanyin dare, amma ƙura ta fi ba ta wahala, har wasu manhajojin sukan nuna ranar hazo a matsayin rana tangaran ko kuma gajimare. NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana da ma'aikata a filayen jiragen sama da ke auna nisan gani da idonsu da na'ura, tana kuma duba hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna ƙurar tun tana tashi daga Chadi. Akwai ma wata cibiya a Basalona ta ƙasar Sifaniya da aikinta ke nan, hasashen ƙurar Sahara. Amma duk ƙwarewa, ba a iya cewa ga ranar da ƙura za ta iso Kaduna sai iskar da za ta tayar da ita ta fara haɗuwa, kuma wannan ba ya bayyana sosai sai saura 'yan kwanaki. Hasashen gobe da jibi abin dogaro ne, na gata da citta a riƙe shi sako-sako, abin da ya wuce kwana biyar kuwa kusan matsakaicin shekarun baya ne aka yi wa kwalliya.

Wasu dattawa har yanzu suna ƙyamar kalmar hasashe, suna jin kamar shiga gaibu ne. Wanda ya ga ƙura ta tashi a Faya, ya auna gudun iska, ya ce za ta iso nan jibi in Allah ya so, lissafin tafiya ya yi, irin wanda ake yi wa motar da ta taso daga Maiduguri. Abin da ya rage shi ne bayanin ya isa ga masu bukatarsa cikin harshen da suke ji. Garin da ke da gidan rediyo mai watsa Hausa tun 1962, ga tashoshin FM birjik, bai kamata a ce mai citta a Kachia ko mai asma a Badarawa sai ya iya Turanci kafin ya san hazo na tafe ba. Minti ɗaya bayan labaran safe ya isa a faɗi sanyin asubar gobe, da danshin la'asar, da nisan gani, da halin da Maiduguri da Kano suke ciki yau.

Daga makon farko na Disamba kashi-kashin hunturun za su fara matsowa kusa da juna, hutun da ke tsakaninsu yana gajarcewa, raɓa ta ɗauke gaba ɗaya a arewacin jihar, sanyin asuba a garin Kaduna ya fara taɓa 13 da 14, Zariya da ƙauyukanta su sauka ƙasa da haka.